Sunan da ke Bakin Uwar Tampuli

Duk wanda ya taɓa sayen man kaɗe a kasuwar Kumbungu ya san Tampuli. Rumfarta tana jikin ta masu daddawa, inda take jera curin mai a cikin ƙwarya ta rufe da ganye. Doguwa ce, mai kaurin dantse irin na matan da suka tsufa suna bugun kaɗe, ba ta da yawan dariya kuma ba ta ragi. Sunanta kuwa ba a ji a manta, don a bakinmu na Dagombawa tampuli juji ke nan, inda ake zubar da toka da shara da ƙashin kifi.

Ba ƙiyayya ta jawo mata shi ba. Uwarta Azimpaga ta haifi 'ya'ya mata uku kafin ita, ba wadda ta kai yaye. Da ta huɗu ta faɗo, tsofaffin gidan suka ce ai yarinya ɗaya ce take zuwa tana komawa, tana wasa da hankalin mutane, kuma ado da tarairaya ne ke sa mutuwa ta ƙyalla ido ta gan ta. Sai aka naɗe jaririyar a tsumma aka kai ta bayan gida aka kwantar a kan juji. Wata tsohuwa ta zagayo kamar mai wucewa ta tsince ta, ta shigo da ita tana tambaya ko akwai mai son wannan tarkace. Wanzami ya yi mata tsaga ɗaya a kunci don a gane ta idan ta sake sulalewa ta dawo. Lissafinsu shi ne ko mutuwa tana da ƙyanƙyami, ba za ta sunkuya ta ɗauki shara ba. Yarinyar kuwa sai ta zauna, abin da ya sa har suka mutu ba wanda ya isa ya ce musu ba dabararsu ce ta yi aiki ba.

Abin da ba su lissafa ba shi ne cewa shara za ta girma ta yi kunne. Azimpaga ta riƙe ƙa'idar nan da hannu biyu, ba ta saki ba ko bayan yarinyar ta yi wayo. Ba ta huda mata kunne ba sai da ta isa aure. Ranar Sallah sauran yara suna sabon zane, ita tana cikin tsohon na uwarta da aka rage. Idan wata baƙuwa ta yi kuskuren cewa yarinyar nan za ta yi kyau, Azimpaga sai ta tofar da yawu ta ce wannan mummunar, ai ko kyauta aka ba ki ba za ki karɓa ba. Sunayen ukun da suka tafi kuwa ba a ambatonsu a gidan ko da wasa, har Tampuli ta girma ba ta san ko ɗaya ba. Daga ita Azimpaga ba ta sake haihuwa ba, don haka duk tsoronta a kan mutum ɗaya ya sauka.

Tampuli ta san dalili, an faɗa mata tun tana ƙarama. Amma sanin dalili bai taɓa hana abu ciwo ba. An sa ta makaranta, yara suka mayar da ita wurin zubar da ɓawon gyaɗa, suna jefa mata a cinya suna cewa ai ga juji nan kusa, me zai kai su waje. Ba ta daɗe ba ta daina zuwa, ba wanda ya matsa mata.

A cikin kwanakin nan ne wata maƙwabciyarsu mai tuyar masa ta same ta tana kuka a bayan katanga. Matar ba ta da mugun nufi, lallashi kawai take so ta yi. Ta ce mata ta share hawaye, ai duk wata Tampuli tana da sunan gaskiya mai daɗi, uwa ce take raɗa shi a kunnen jaririya ta haɗiye abinta, ba ta fito da shi sai ta tabbata mutuwa ta daina leƙe. Yarinyar ta ruga gida ta tambayi uwarta. Azimpaga tana tuƙin tuwo, ta juyo ta make mata baki da bayan hannu, ta ce kada ta sake jin wannan maganar a gidan nan. Wata yarinyar da ta ɗauki marin a matsayin a'a. Tampuli ta ɗauke shi a matsayin shaida, don a ganinta ba a dukan mutum a kan abin da babu.

Da wannan ta rayu. Da za a ɗaura mata aure da Dokurugu, direban tarakta, ta sa rai ranar ce za a fito da sunan, ta kasa kunne daga ɗaki, sai ta ji an ɗaura da Tampuli. Da ta haifi ɗanta Ziblim ta sake sa rai, shiru. Dokurugu ya rasu yaron bai gama firamare ba, ta ci gaba da zama a gidansa tana tsintar kaɗanya, tana suya, tana niƙa, tana bugu har kafaɗunta suka sauya fasali. Ziblim kuwa ta rene shi da gayya. Ta yi masa kirari a gaban kowa, ta ɗinka masa riga duk Sallah, ta kira shi kyakkyawana da ƙarfi yadda duk mai leƙe zai ji. Da Azimpaga ta tsufa ta kasa ɗebo ruwa, Tampuli ta ɗauko ta ta ba ta ɗaki. Suka zauna tare shekaru, tana yi mata wanka tana yanke mata farce, tsohuwar kuma ba ta fasa cewa miyar ba gishiri ba.

Ziblim ya zama mai haɗa wayar lantarki a Tamale, ya auri Sikena, mai kitso da kwalliyar amare. Yarinya ce mai ladabi, sai dai bakinta ba ya ajiye abin da ke cikinta. Da cikinta ya tsufa suka zo Kumbungu wata Lahadi da rana, ta zauna a tabarma ta faɗa a tsakar gida, kaji suna ji, cewa an yi hoto a asibiti mace ce. A da ko wata nawa ne ba a faɗa. Yanzu kuwa tun yaro bai gama haɗa yatsu ba an san shi, an saya masa kaya kalar da ta dace, an yi masa suna uku ana zaɓe. Sikena ta ciro waya tana karanto nata: Zunaira, Nuhaila, Ilham, da wani Shanaya da ta ji a wasan Indiya. Ta ce so take a samu wanda ba kowa ke da shi ba a ajinsu. Tampuli ta so ta ce ai ita ma ba kowa ke da nata ba a ajinsu, amma ta bar shi a ciki.

Sai Ziblim ya ce shi fa tun yana yaro ya yi wa kansa alkawari, 'yarsa ta fari sunan uwarsa za ta ci. Sikena ta haɗe rai. Ya fara kame-kame, wai za a iya sakawa a sakaya, a riƙa kiranta da wani abu a gida.

Sikena ta ajiye wayar ta dubi surukarta. "Mma, ki yi mini adalci. Wallahi ba raini ba ne, da zan iya da jinina zan biya ki. Amma ranar da malami ya miƙe yana kiran suna a aji, ba na gida zai kira ba. Ke kin san abin da aka yi miki. In kai tawa a yi mata?"

Tampuli ba ta ji haushinta ba, abin da ya fi haushi ta ji, wato gaskiyar yarinyar. Ta ga kanta mace mai ɗa ɗaya, ta yi wahala har ta ƙare, kuma abu ɗaya da ko matalauciya take bar wa jikarta ita ba ta da shi. Sauran mata suna mutuwa a ci gaba da kiransu a tsakar gida, ana aikensu, ana yi musu faɗa. Ita idan ta tafi ta tafi ke nan.

"Ina da wani sunan," in ji ta. "Yana wurin tsohuwa. Ku ba ni lokaci."

Ranar ce karon farko da ta faɗi maganar a gaban mutane, kuma da ta faɗa sai ta ji tsoro.

Bayan sun tafi ta shiga ɗakin uwarta da kokon koko. Ta zauna a bakin gado ta bi ta hanya mai nisa, ta yi zancen ciki, ta yi zancen kirkin Ziblim, sannan ta zo kan magana. Ta ce ta haura hamsin da daɗewa, ta yi furfura, haƙoranta sun fara zuba, idan mutuwa tana nemanta ai ta san hanyar rumfarta. Me ya rage da ake ɓoyewa?

Azimpaga ta kurɓi kokon ta ce ya yi ruwa. Ta ce wai furfura, ita har furfura za a nuna wa? Ta juya fuska bango ta ce a ja mata ƙofa.

Tampuli ta koma washegari, ta koma jibi. Ta roƙa, ta yi fushi, har rannan ta faɗi abin da ta yi nadamarsa, ta ce ko akuya aka tsinta a juji aka riƙe shekara hamsin ai an sa mata suna. Tsohuwar ta dube ta, ta kawar da kai. Daga nan Tampuli ta daina tambaya, ta koma jira, tana kallon cikin Sikena yana sauka da ƙarfin uwarta yana sauka, ba ta san wanda zai riga wani ba.

Ciwon ya kwantar da Azimpaga a farkon damina. Ta daina cin tuwo, ta daina ƙorafin gishiri, hankalinta ya riƙa tafiya yana dawowa. Wata rana da azahar Tampuli ta shigo daga shanyar kaɗanya, gumi yana bin wuyanta, ta durƙusa za ta gyara mata matashi. Sai tsohuwar ta ɗago hannuwa biyu ta kama fuskarta. Ba mari ba, ba turewa ba, kamawa irin wadda ake yi wa abin da ake so. Ta shafa goshinta, ta shafa kumatunta, idonta ya cika da wani haske da Tampuli ba ta taɓa gani an yi dominta ba.

"Mandeya," in ji ta. "Kyakkyawata. Shigo inuwa mana, rana za ta ƙona mini ke."

Mandeya a bakinmu na nufin na karɓa. Tampuli ta riƙe hannuwan uwarta.

"Ni ce, Mma? Da ni kike?"

"To da wa nake?" in ji tsohuwar, tana murmushi. "Wa nake da shi in ba ke ba?"

Tampuli ta kifa kai a ƙirjin uwarta ta yi kuka irin na yara, mai majina da shessheƙa, tsohuwar tana bubbuga bayanta tana wani ɗan waƙe-waƙe a maƙoshi. Azimpaga ba ta ƙara yin magana mai kan gado ba, kwana biyu a tsakani ta cika.

Mutane sun yi ta yaba haƙurin Tampuli a zaman makoki. Ba su san ba haƙuri ba ne. Tana baƙin ciki, amma a ƙarƙashinsa akwai murna, har kunyar kanta take ji idan ta tsinci bakinta yana motsi shi kaɗai yana gwada sunan. Ba ta faɗa wa kowa cikin dangi ba. So take su fara jin sa daga bakin malami a gaban jama'a, yadda ake jin sunan kowane ɗan halak. Ziblim da Sikena kaɗai ta gaya wa bayan an haihu lafiya. Sikena ta juya shi a baki ta ce kai, ai irin waɗannan na gargajiyar ma su ake yayi yanzu, wata ƙawarta a Accra irinsa ta sa. Ta rungume surukarta, ta tura a buga shi a jikin gorunan ruwan da za a raba, da hoton jaririyar a gefe.

An yi sunan a Kumbungu, a gidan Dokurugu. Da hantsi Afa, wato malamin unguwa, ya yi addu'a ya faɗi suna, aka shafa, aka raba goro, aka kayar da rago. Ziblim, da murna ta yi masa yawa, ya bi mutane yana faɗa musu cewa wannan shi ne ainihin sunan uwarsa, kakarsa ta fito da shi kafin ta rasu. Makaɗan kalangu ba sa barin irin wannan ya faɗi ƙasa. Nan da nan suka sa shi a kiɗa, Mandeya ƙarama da Mandeya babba, mata suna guɗa. Masu sayar da daddawa, maƙwabtanta na kasuwa, suka riƙa zolayarta wai ashe shekara da shekaru da sarauniya suke zaune ba su sani ba. Tampuli tana cikin sabon leshi, na farko da ta taɓa ɗinka wa kanta, tana dariya har ana ganin giɓinta.

A cikin baƙin akwai Sibiri, ƙanwar mahaifin Tampuli, wadda aure ya kai Salaga tun da daɗewa. Ta tsufa tukuf, kunnenta ya yi nauyi, don haka ba ta ji abin da Afa ya faɗa ba. Sai da makaɗa suka matso bakin ɗakin da take zaune suna ta nanata shi sannan ya shiga. Ta aika a kira mata Tampuli, ta ja ta zuwa ɗakin da ake tara buhunan kaɗanya, ta tura ƙofa.

"Wa ya ba ku sunan nan?"

Tampuli ta ba ta labari duka, da kama fuska, da zancen inuwa, tana yi tana share ƙwalla. Tana cikin yi ta lura gwoggon tata ba ta taya ta murna, ta dafa buhu ta zauna a kai.

"'Yar nan," in ji Sibiri a hankali, "Mandeya ita ce ta fari. Ni na goya ta, ina budurwa. Ta fara tafiya ke nan, ba ta zama wuri ɗaya, kullum tana tsakar gida cikin rana uwarki tana kiranta ta shigo. Ranar da jikinta ya yi zafi ni na ɗauko ta daga wurin. Ba ta kwana uku ba."

Kalangu yana ta tashi a waje. Tampuli ta tsaya riƙe da gefen leshinta. Ta so ta ce ƙarya ne, tsufa ne, amma ta riga ta ji maganar ta zauna daram a inda ya kamata. Hannuwan nan da suka kama fuskarta ba ita suka kama ba. Ita aron fuska kawai ta bayar.

"To nawa fa, Gwoggo?"

Sibiri ta sunkuyar da kai. Ta ce tana nan ranar, a gabanta aka yi komai. Ba a kira malami ba, ba a yanka ko zakara ba, ba wanda ya raɗa komai a kunnen kowa. Wata daga cikin tsofaffin ta ce wa Azimpaga ko za ta ajiye wani a zuciya saboda gaba, ta ce sunaye uku ta zo da su duniya kuma duk ta binne, ba ta da na huɗu.

Daga nan tsohuwar ta kama hannunta da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba. Ta ce yanzu ba lokacin kuka ba ne. Sun ɗauki sunan mai zuwa tana komawa sun buga a ganga, sun manna a goran ruwa, sun kira ta da babbar murya har gida. Ta fita yanzu ta samu Ziblim, a dawo da Afa, a sauya tun nama bai nuna ba. Ko Shanayar ce a sa, ko ma mene ne, ban da wannan.

Tampuli ta leƙa ta tsagin ƙofa. Sikena tana zaune a kujera a ƙarƙashin rumfa, an yi mata kwalliya, jaririyar tana cinyarta da sabon aski. Ta sunkuya tana faɗa mata sunan a kunne, tana sumbatar tafin ƙafarta, tana ɗaga ta sama kowa ya ga kyanta, ba ta tsoron kowa da komai. Tampuli ta san abin da zai faru idan ta fita ta faɗa. Sikena za ta yi dariya ta ce camfi ne, da baki. Amma ko an sauya ko ba a sauya ba, daga ranar duk zafin jikin da yarinyar ta yi, duk tarin da ta yi, maganar za ta taso mata. Za ta fara rage murya, ta fara rage yabo, ta fara kallon 'yarta da gefen ido. Tampuli ta san gidan da ake renon yaro a haka, a cikinsa ta girma. Ita kanta ba ta san ko ta yarda da abin da tsofaffi suka ce ba. Abin da ta sani shi ne tsoron nan ya shige ta, kuma ba zai sake barinta ba muddin tana numfashi.

Ta juyo ta durƙusa a gaban Sibiri ta roƙe ta, don Allah, don kabarin ɗan'uwanta, ta koma Salaga da maganar nan a cikinta.

"Kin san abin da kike ɗauka?" in ji Sibiri. "Idan wani abu ya samu yarinyar nan, ke kaɗai za ki san abin da kika yi."

"Na sani, Gwoggo."

"Kuma su riƙa kiranki da shi har ki mutu?"

Ai an riga an fara kiran. Babban makaɗin ya zo har bakin ƙofar ɗakin, ya matse kalangunsa a hammata, yana kiran Mandeya babba ta fito ta taka, jama'a suna jira, jikarta tana jira. Ta miƙe ta karkaɗe ɓawon kaɗanyar da ya manne a gwiwar leshinta, ta goge fuska da bakin ɗankwali. Ya sake kira, ya ja sunan da tsawo. Ta buɗe ƙofa ta ce na'am a madadin yarinyar da aka binne tun ba a haife ta ba, ta shiga fili.